Bindigar Tsoho Balz Ba Fitila Ba Ce

Harbi mafi kyau da na taɓa yi a duniya, a allon Afra Zopfi na yi shi.

Ranar gasar harbi ce ta ƙarshen watan Mayu, ranar da ake tare hanyar ƙauyenmu, a ɗaga ƙyalle ja da fari a kan tudu, a kora shanu gefe, mu kwanta rub da ciki a rumfa muna auna allunan da ke tsallaken kwari, mita ɗari uku. Na gyara numfashi yadda aka koya mana a soja, na matsa kunama. A jikina na ji ya shiga. Na zuba ido ina jiran mai nuni ya ɗago ludayinsa daga rami, faifan nan mai doguwar sanda da ake nuna wa maharbi inda ya huda. Sai ga ludayin yana lilo hagu da dama a gaban allona. Ko jaririn kwarinmu ya san wannan lilo, sifili ke nan. A allon da ke kusa da nawa kuwa ludayi ya tsaya cak a tsakiya, alhali mai allon ko yatsa ba ta ɗora a kunama ba.

Ta juyo da kai a hankali.

"Melk."

"Na'am, Afra."

"Kana iya karanta lambar bas ɗin da kake tuƙawa?"

"Ina iyawa mana."

"To lambar da ke saman allo fa? Da Sinanci aka rubuta ta?"

Na ce, "Ai kyauta na yi miki. Dubi inda ya shiga."

"Kai wa matarka kyautar, ita ce ta saba karɓar tarkacenka. Mutumin da bai san allonsa ba, ko bindigar ruwa bai kamata a ba shi ba. Sifili ne, kuma sifili ya dace da kai."

Rumfar ta ɗauki dariya har da masu toshe a kunne. Daga ranar ban sake samun lafiya ba. Duk safiyar da za ta shiga bas ɗina sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Direba, ka duba da kyau? Ka tabbata wannan bas ɗin naka ne?" Shekara da shekaru ana haka.

Ba ramuwa ta sa nake ba da labarinta ba. Haushi ne, wanda har yau in na wuce ta gaban otal ɗin nan na bakin gada sai ya taso mini.

Afra a rami ta girma. Ubanta, Tsoho Balz, shi ne shugaban masu nuni na ƙungiyar harbin ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Ranar harbi yakan sauka ramin da ke ƙarƙashin alluna da 'ya'yansa biyu, Afra da ƙanenta Kaspar, kowa da tukunyar ƙullu da buroshi. Harsashi na wucewa ta saman kansu, a jawo allo ƙasa, uban ya nuna, yaran su liƙe hudar da 'yar takarda, a sake turawa sama. Kaspar toshe kunne yake yi yana jiran a tashi. Afra kuwa, in ji dattawa, tun tana 'yar mitsitsiya takan ce, "Wannan na mahauci ne, zai tafi hagu," kuma ya tafi hagun.

Da ta girma ta je a rubuta sunanta a ƙungiya. Shugaban wancan zamani ya dube ta sama da ƙasa ya ce ai ana neman hannu a tantin abinci, ta je ta taya mata gashin nama. Ta je. Ta tsaya a gaban wuta ta naɗe hannu, tana kallo har naman maharba kaf ya zama gawayi. Badi aka sake tura ta, ta sake ƙonawa. A ƙarshe yunwa ce ta shigar da mace ta farko ƙungiyarmu, ba adalci ba, kada wani ya zo ya yi muku ƙarya.

Aikinta na ci da kai a masaƙar buga zane ta yi shi har aka rufe masaƙar, sannan ta koma sharar makaranta. Ba ta yi aure ba. Na taɓa tambayar ta dalili, ta ce ta ga yadda maza ke harbi.

Tarin bindigogin kuwa jana'iza ce ta fara shi. A nan kowa ya san soja da bindigarsa yake komawa gida, in ya gama shekarunsa kuma ta zama tasa. Tsohuwar karabina, mai katako har kusa da hanci, mai sakatar da ba a murɗawa, ja ne kawai da turawa, kusan kowane gidan tsoho akwai ta a bayan durowar kaya. To sai tsohon ya mutu. 'Ya'ya su zo daga birni da baƙar kwat, su ci abincin makoki, su buɗe durowa su ce, "Wayyo, bindiga!" kamar sun ga maciji, su kai ta inda ake tattara makamai a yanka ta gunduwa-gunduwa a narke. Afra ta ga an yi wa ta maƙwabcinta haka, ta kwana uku ba ta gaisa da kowa ba. Daga nan duk wanda aka binne, kafin kofin makoki ya huce tana gefen matarsa: "Allah ya ba da haƙuri. Ina karabinar Tobias?"

Mutane suka yi ta magana. Ni ma na yi, na ce ungulu ma tana bari a rufe kabari. Ta ce ungulu ci take yi, ita shafa mai take yi.

Ɗaki guda ta ware musu a saman bene, sun fi ashirin a jere. Ba ta kiran ko ɗaya da lamba ko shekarar ƙira yadda 'yan tarin birni ke yi. Sunan mai ita take kira. "Yau Tobias zai fita shan iska." "Fridli ya fara ɗaga hanci, tsufa ne." Kowace sai ta harba ta ko sau ɗaya a shekara, don a wurinta bindigar da aka rataye don kallo an binne ta da rai. Kuma kada ka kuskura ka taɓa mata tabon gindinsu. Duk karabina da ta yi aiki za ka ga gindinta a ciccije kamar kare ya yi wasa da shi. Sojoji ne ke kafa su a dusar ƙanƙara, sanyi ya kama su, da safe a sa takalmi mai ƙusa a yi ta shuri har su fito. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mata tasa daga birni don ta yaba, ya goge tabon tas, ya shafe katakon da man ƙyalli. Ta juya ta sau ɗaya ta miƙa masa.

"Ka aske wa kakanka gemu ka shafa masa jan-baki. Fita mini daga gida."

Guda ɗaya ce babu a jeren, kuma ita ce ta bar wa gurbi na farko kusa da taga: ta ubanta. Da Tsoho Balz ya rasu, ba a ma yi shawara ba, aka miƙa wa ɗa namiji. Kaspar kuwa tuni ya koma gari yana sayar da katifu, rabonsa da kunama tun da ya bar soja. Ya jefa ta a cikin rufin gidansa tare da tsofaffin takalman zamiya a kan ƙanƙara. Kowace Kirsimeti sai ta tambaya, kowace Kirsimeti sai ya hana. Ba zan ce mugu ne ba. Ya taɓa ce mini a bas, "Ita ta samu tsohon gaba ɗaya yana da rai. Ni a bar mini ƙarfen mana." Na fahimce shi a ranar. Abin da ya yi daga baya ne ban fahimta ba.

Wani mai suna Kunz ya zo daga Zurich ya sayi tsohon masaukin bakin gada ya mayar da shi otal na masu yawon buɗe ido. Ya ce zai yi "zauren maharba". Na kai masa baƙi wata rana, ya ja ni ciki in gani. Jama'a, karabinu ne a bango. An toshe musu baki da walda, an huda gindi an zura waya, an goge tabo, an shafe su da man ƙyalli har kana ganin haƙoranka, sannan an kifa wa kowace hular fitila mai geza a hanci. Hula mai geza! Bindigar da wani ya goya a kan duwatsu ƙafarsa na tsagewa da sanyi, ita ce yanzu ke haska wa baƙo farantin dankali.

Ya nuna mini wani fili a saman murhu. "Nan kuma ta shugaban masu nuni za ta zauna. Herr Zopfi mai katifu ya yi mini alkawarinta. Abu mai tarihi, ka gane?"

Na gane. Da yamma Afra ta shigo bas, ta buɗe baki za ta yi mini tambayarta ta kullum, na riga ta da labarin abin da na gani a otal. Ba ta zauna ba. Ta riƙe ƙarfe a tsaye har bakin gada, ta ce in tsaya. Ba tasha ba ce, amma na tsaya, na kashe inji, na ce wa fasinjoji taya nake dubawa, na bi bayanta. Rabin bas ɗin ma taya suka fito dubawa.

Sa'a ko rashin sa'a, Kaspar na ciki, ya kawo katifun otal, suna shan kofi da Kunz. Afra ta tsaya a tsakiyar zauren tana bin bango da kallo. Ta matsa kusa da fitila ɗaya har hancinta ya kusa taɓa ta.

Kunz ya taso da murmushi. "Frau Zopfi ko? Na ji labarinki. Ke ce za ki fi kowa jin daɗin wurin nan."

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Kaspar. Baba za ka sa wa hula?"

"Afra, dalla kada ki tara mini jama'a."

"Tambayarka na yi. Za ka sa a huda gindin Baba a zura masa waya?"

"Ba Baba ba ne, ƙarfe ne da katako! Baba yana maƙabarta, ke ce kike kai masa furanni, kin fi ni sani. Gara ta zauna a nan mutane su gani da ta ruɓe a rufi."

"Wa ya sa ta a rufin, shashasha? Ni?"

"Tawa ce."

"Taka ce kamar yadda cocin nan ta tattabarun da ke yi mata kashi ce."

Wani a bayana ya ƙyalƙyale. Fuskar Kaspar ta yi ja. Ya ture kofinsa ya miƙe.

"To bari in faɗi abin da kowa ke faɗa a bayanki. Idonki ya tafi. Yanar ido ta rufe shi, kin ƙi zuwa asibiti don taurin kai. Shekaranjiya motar madara kika tsayar kina ce mata bas, ƙarya ne, Melk? Bindigar ta mutu, mai son ta ta makance. Me za ki yi da ita?"

"Harbi."

"Harbi! To ga shi a gaban shaidu. Gasar bana saura mako uku. Gobe zan kawo miki ita. In kin ci lambar yabo da ita, taki ce har abada. In ba ki ci ba, ranar Litinin Herr Kunz ya aiko a ɗauka, kuma kada in sake jin maganar nan ko a Kirsimeti."

Ta miƙa hannu. Suka tafa kamar masu cinikin saniya, babu mai kallon idon wani.

Maganar motar madara gaskiya ce, ina wurin. Shi ya sa hankalina ya ƙi kwanciya. Lambar yabo ba wani abin kirki ba ce ga Afra ta da, tana da su cike da gwangwanin biskit. Amma Afra ta yanzu in ta dubi tsallaken kwari, hazo take gani ko rana na tsaka.

Na je gidanta wata Asabar. Na same ta a kicin, ta shimfiɗa jarida a tebur, ta warware karabinar ubanta ɗaiɗai. Tana zura tsumma a bututun tana zagin Kaspar a ƙarƙashin numfashi. Gindin nan a ciccije, har da wani tabo mai zurfi da ta ce ta san takalmin da ya yi shi.

Na ce, "Afra, ina da dabara."

"Allah ya tsare mu."

"Ki saurara mana. Zan sa a kwantar da ni kusa da ke. A zagayen ƙarshe, da ake sakin shida a jere ba a nunawa sai an gama, ki harba huɗu kawai. Ni in aiko miki da biyu. Kin dai san na iya samun tsakiyar allonki."

Ta ajiye tsumman. Da ma ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

"Na farko, dolo, bindigarka ta roba ta sojan zamani hudar sauro take yi. Ta karabina ɗan yatsa na shiga. Yaron da ya fara liƙi jiya ma zai bambanta. Na biyu, sau ɗaya ka taɓa samun tsakiya, shi ma don ba nan ka auna ba. Na uku, a ramin da Baba ya yi aiki za ka kai mini sata? Da bindigarsa a kafaɗata?"

"To ya za ki yi da lambar allo? Ba kya ganin ta."

"Ban damu da lamba ba. Farin allo ina ganinsa, baƙin tsakiya ina ganinsa. Daga hagu nake ƙirgowa in tsaya a nawa. Ɗauki hularka."

Ranar gasa gari ya waye tas. An tare hanya, ƙyalle na kaɗawa a tudu, hayaƙin gashi na tashi daga tanti. Labari ya riga ya zaga, har tsofaffin da suka daina harbi sun zo da sandunansu sun jeru a bayan rumfa. Kaspar na can gefe da hannu a aljihu. Kunz ma ya zo, da sabuwar hular maharba har da gashin tsuntsu, wadda ko ƙurar hanya ba ta taɓa gani ba.

Hilari, shugaban ƙungiyarmu na yanzu, ya raba wurare. Afra allo na biyar. Ni na shida, ba don dabara ba, na rantse, haka jerin ya zo. Ta harare ni ta ce in na ko yi atishawa ta ɓangarenta sai ta cusa mini hulata a baki.

Aka fara da ɗaiɗai. Karabinar Balz ta yi magana karo na farko tun rasuwarsa, ƙara mai kauri da ta daki dutsen tsallake ta dawo. Wani tsoho a baya ya cire hula. Ludayi ya fito, kusa da tsakiya. Na biyu, tsakiya. Ta yi ɗaya da ya ɗan sauka, ta yi tsaki, ta gyara. Zagaye na biyu ma haka. Ni kam harsasaina yawo suke yi a allo kamar awaki, don rabin idona na kanta. Da aka zo zagayen ƙarshe, Hilari ya raɗa mini ta bayan kunne cewa ko matsakaicin harbi ta yi, lambar yabo ta samu.

A nan ne abin ya faru, kuma babu wanda ya lura sai daga baya. Saurayin da ke allo na ɗaya, can ƙarshen hagu, bindigarsa ta cije, ya ɗaga hannu ya janye. Masu nuni, yadda aka saba, suka sauke allonsa cikin rami. Afra a lokacin kanta na ƙasa tana danna harsasai. Ta ɗago, ta ƙirgo farare daga hagu, ta tsaya a na biyar ɗin da ta gani.

"Shida a jere, minti ɗaya. Harbi!"

Ban taɓa jin an yi aiki da sakata haka ba. Ja, tura, ƙara. Ja, tura, ƙara. Kumatunta bai bar katako ba ko sau ɗaya. Ta gama kafin in kai rabi, ta buɗe sakata, ta kwantar da goshi a hannu.

Aka busa ƙaho, alluna suka sauka, suka hau. Ludayi ya fito a gaban na biyar. Ya yi lilo, hagu, dama. Ya sake. Sau shida yana lilo, rumfa ta yi tsit har kana jin ƙararrawar shanu daga tudu. A nawa kuwa ludayi ya shiga nuni ya ƙi tsayawa. Tsakiya, tsakiya, gefe, tsakiya, can ƙasa. Na harba shida, ana nuna mini goma sha biyu.

Afra ba ta ganin lilon sosai, amma shirun ta ji.

"Melk. Me aka nuna?"



Hilari ya tsayar da harbi, aka sauke ƙyalle, muka gangara kwari muka haura zuwa rami, kusan ƙauyen duka. Aka jawo allona ƙasa. Babu wani abin bincike. Ƙananan huda shida a warwatse, nawa. Manya shida a dunƙule a tsakiyar baƙi.

Hilari ya share murya. "To, ai abin a fili yake. Kowa ya ga na wane ne. Tunda sauke allo na ɗaya ne ya jawo, ina ganin ƙungiya za ta iya..."

"Za ta iya me?" in ji Afra.

"A ce an lissafa miki su, Afra. Ko a sake zagayen."

"An sake wa Melk da ya yi?"

"Ai wannan daban..."

"Ina daban ɗin? Lamba na rataye a saman allo, girmanta ya kai ƙofa. Wanda bai san allonsa ba, sifili. Ni na faɗa, a gaban rabinku na faɗa. Ka rubuta sifili, Hilari, in kuwa hannunka na rawa ba ni alƙalamin."

 Ta sauke karabinar daga kafaɗa, ta duba cikinta babu komai, ta nufi Kaspar ta danna masa ita a ƙirji har ya ja da baya.

"Ba sai Litinin ba. Ungo. Ka zaɓa masa hula mai kyau."

Sai Kunz, wanda Allah bai ba shi sanin lokacin yin shiru ba, ya matso. "Kada ki damu, Frau Zopfi, za mu kula da ita sosai. Za a gyara duk wannan lalacewar ta gindin, a sa ɗan allon tagulla da sunan mahaifinki. Duk lokacin da kika zo, kofi kyauta."

A nan na kasa haƙuri. Na ce, "Herr Kunz, in tsohonka ya rasu ka sanar da mu. Muna da mai walda, muna da waya. Za mu goge masa tamojin fuska, mu kifa masa hula mai geza, mu kafa shi a tashar bas, don da ma wurin na da duhu. In ka zo, zama kyauta." Na juya kan Kaspar. "Kai kuma, mai katifu, a kan wace za ka kwanta yau ka yi barci? Ka dubi allon nan. Makauniya ce ta yi wannan, da mataccen ƙarfe."

Kaspar kam ban ma tabbata ya ji ni ba. Yana tsaye a ramin da bai taka ba tun yana yaro, bindiga a hannu ɗaya, yana kallon tukunyar ƙullu a kan benci da buroshi a ciki. Ya matsa gaban allon, ya ɗora tafin hannunsa a kan manyan hudojin. Duka shida suka ɓace a ƙarƙashinsa. Ya daɗe a haka.

"Haka Baba ke aunawa," ya ce, ba da kowa ba. "In tafi ya rufe, sai ya ce a ba mutumin giya."

Kunz ya ce, "Herr Zopfi, mun yi magana fa."

"Mun yi. Na fasa. Ka rataya agogo a wurin."

Ya juyo wurin yayarsa, fuskar nan a murtuke, don kada wani ya ce ya yi laushi. "Kin faɗi, kin ji ko? Tawa ce har yanzu. Amma rufina na yoyo. Ki ajiye mini ita a gurbin nan naki na banza har gasar badi, a sake. Da sharaɗi: ki je a cire miki yanar nan. In kin ƙi, na rantse da kabarin Baba da kaina zan zura wayar."

"Babu mai sa mini wuƙa a ido."

"To kawo hula, Herr Kunz."

Ta fizge bindigar daga hannunsa. Ta zage shi, ta zagi katifunsa, ta zagi likitocin ido tun daga na farkonsu. Sannan ta tambayi matar Hilari wace rana likitan ke zuwa gari, da ko bas na kaiwa ƙofar asibitin.

Muna haurowa zuwa tanti, na ɗauko takardar allon a naɗe a hammata, don na roƙi masu nuni kada su liƙe ta. Na bi ta a baya, na ga kafaɗunta sun ɗan sauko, sai na ga ai lokacina ya yi. Shekarun nan duka ina jira.

Na ce, "Afra, tambaya ɗaya. Kin duba da kyau? Kin tabbata wannan bindigar taki ce? Don na ji an ce akwai masu rikita nasu da na mutane."

Ba ta ko rage tafiya ba.

"Ka kai takardar nan gida ka sa mata gilashi, Melk, ka rataye inda jikokinka za su gani. Yau ce rana ta farko da tsakiyar allonka ta san harsashi, kuma sai da makauniya ta yi kuskure."